Ƙoƙon Nonon da Ya Ɗaure Tabawa

Ranar kasuwarmu aka yi shelar, da rana tsaka, a cikin bazarar da hanyar arewa ta lalace. Shekarar nan manyan motoci sun daina wucewa sai da rakiyar soja, madarar gwangwani ta ɓace daga kantuna, mutanen da suka gudo daga daji sun cika gefen gari da 'ya'yansu. Mai shela ya hau amalanke ya ce doka ta zo daga sama: saboda halin yaƙi da ake ciki, kada wanda ya sayar da litar nono fiye da dala arba'in. Wanda ya ƙara, kaso.

Mu mata muka yi ta dariya. Wa ya taɓa ganin lita a ƙauyen nan? Mu ludayi muka sani da ƙoƙo. Tabawa tana kusa da ni, ta zungure ni ta ce, "Iya Kaltuma, ita litar nan mace ce ko namiji?" Na ce ta bari in ta iso mu ɗaga zanenta mu gani.

Tabawa maƙwabciyata ce, danga ɗaya ta raba mu. Matar marigayi Ila ce, ƙanen Alhaji Lawali. Shekara huɗu da rasuwar mijin tana zaune a gidan yayansa saboda 'yarta Nana. Abin da ta mallaka a duniya bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: ɗakinta, 'yar gonarta da muke ce wa gamana, da jar saniya guda da mijin ya bari. Sai kuma auren Nana. An kawo goro daga gidan Malam Attahir, an ce biki bayan girbi. Ita Nana da Aminu, ɗan Malam ɗin, suna son juna, kowa ya sani, don ni kaina na sha kama su suna zance a bayan rijiya, na yi tari suka watse. Tabawa ba ta da wata magana sai ta bikin nan. Ko gaisuwar mutuwa kuka je, kafin ku dawo sai ta kawo zancen gadon Nana.

Shi kuwa Alhaji Lawali shanunsa sun fi goma, kuma a bazarar da na kowa suka ƙafe nasa suna tatsuwa, don yana da halin dusa da harawa. Kullum da sassafe yakan ɗaura bido huɗu, wato jarkokin nono, a moto, babur ɗinsa, ya nufi Tanout, wajen masu shayi da gidajen ma'aikata. Da aka yi shela ya daina? Ina! Da masu tsoro suka janye sai kasuwar ta zama tasa shi kaɗai, ya ninka kuɗi sau uku. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu yana rufe bidon da harawa. Har akuyar gidana ta san abin da ke ƙarƙashin harawar nan.

Ni da Tabawa kuma furfure muke yi, kamar yadda iyayenmu suka yi. Wanda bai sani ba ya ji: ta ciko ƙoƙo da nono ta juye mini, in share ƙoƙon nan da gefen zane in cika mata shi da gero. Shi ke nan. Ba a taɓa kuɗi. Shekarar da gero ya yi arha mai nono ta cutu, shekarar da ya yi tsada mai gero ta cutu, kuma ba wadda ta taɓa buɗe baki ta ce a sake ƙoƙo. Bana gero ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, ni ce mai cutuwa, ban kuwa damu ba.

Ranar wata Laraba da hantsi na shiga gidan da gerona a faifai. Na tarar da mota a ƙofa, ban kawo komai a raina ba, Alhaji mai baƙi ne. Ashe masu binciken dokar nono ne, su biyu da jandarma ɗaya. Wani ya kai musu labarin bido da harawa. Ina wucewa ta zaure na ji Alhaji yana zuba musu shayi yana cewa:

"Ranku ya daɗe, ni da nono? Ai wannan harkar mata ce. Ni ko ludayi ban san inda ake ajiye shi ba. Ku shiga ciki ku gani da idonku."

Suka shigo daidai lokacin da Tabawa ta juye mini nono, ni kuma na cika ƙoƙon da gero. Babban cikinsu, wani dogo mai tabarau, ya ce kowa ta tsaya yadda take. Ya ciro kwalba daga jaka ya ɗura nonona, ya ɗaga ta a rana ya ce lita ɗaya. Ya ciro ɗan sikeli ya rataya geron. Ya tambayi abokinsa nawa tiya take a kasuwa. Ya danna wayarsa, ya dube ta.

"Baiwar Allah, kin sayar da lita a ninki biyu na kuɗin doka."

Tabawa ta ce, "Sayarwa? Yallaɓai, ban karɓi ko dala ba."

"Gero kuɗi ne."

Na ce, "Kai ɗan nan, tun kafin uwarka ta yi wayo ake wannan ƙoƙon. In laifi ne ai geron nawa ne, ku haɗa da ni."

Ya ce, "Iya, doka ba ta ambaci mai saye ba. Matsa gefe."

Na matsa, amma ba inda yake so ba. Na ga Alhaji ya yafuto Tabawa zuwa bayan rumbu, sai takalmina ya ɓace mini a daidai wajen, na duƙa ina nema. Abin da kunnena ya ji shi zan faɗa, ban ƙara ko gishiri ba.

"Uwar Nana, ki saurare ni. Za su tambaye ki maganar bido. Ki ce naki ne, ke kike ba ni saƙo ban san abin da ke ciki ba."

"Yaya, bido huɗu? Da saniya ɗaya?"

"Ba za su ƙirga shanu ba. Ke mace ce, gwauruwa, kwana biyu za su sake ki. Ni in suka kama ni shekara ce, su kwashe shanu. To wa zai yi wa Nana gado da katifa? Wa zai zauna ya ba da aurenta? Kina son gidan Malam Attahir su ji waliyyin amarya yana kaso?"



"Kwana biyu," in ji shi. "Na yi miki rantsuwa da kabarin ɗan'uwana."

Haka ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Ta ce wa Nana ta kula da saniya, kada ta manta da jiƙa dusa. Ta shiga mota tana gyara ɗankwali kamar mai zuwa barkar haihuwa.

Kwana biyu suka zama goma sha tara kafin a shiga gaban alƙali. Na je, a bayan motar kasuwa, tsakanin buhunan albasa. Ba Tabawa kaɗai ba ce a bencin. Akwai wata Bafillatana da ta ba da nono aka ba ta gishiri. Akwai wani tsohon Buzu da ya yi musayar cuku da sukari. Akwai manoma uku daga wajen Belbeji, ɗaya ma bai san abin da ya kawo shi ba, sai tambaya yake yaushe za a bar shi ya tafi ya gyara gona. Na duba bencin nan daga farko har ƙarshe, ban ga mai moto ko ɗaya ba.

Da aka zo kanta, alƙali ya yi magana da Faransanci, tafinta ya juya. Ƙoƙon gero, ta amsa. Sai aka tambaye ta bidon da ake kaiwa gari na wane ne. Ta waiwaya. Alhaji yana zaune a baya cikin farar shadda yana jan carbi, idonsa a ƙasa.

Ta ce, "Nawa ne."

Na miƙe na ce ƙarya ne, saniya ɗaya gare ta, ko raƙuma ce ba ta cika bido huɗu. Aka ce in zauna. Na ƙi. Gardi mai tsaron kotun ya kama hannuna ya fitar da ni waje, ta taga na ji sauran. Wata shida.

A hanyar dawowa Alhaji ya tsayar da moto kusa da ni ya ce, "Iya, kin kusa ɓata mana aiki. Akwai wanda nake magana da shi a sama. Sati ɗaya za ta fito."

Na ce, "Allah ya sa na saman nan yana da kunne."

Zuwana na farko gidan kaso, bayan wata guda, na same ta da sauran ƙarfinta. Su goma sha ɗaya a ɗakin da bai kai nawa ba, rufin kwano, a tsakiyar zafin bazara. Ta ce da rana in ka taɓa bango sai ka janye hannu. Amma ta yi mini wasa, ta ce ta ga lita da idonta, ashe kwalba ce mara kunya. Ta roƙe ni in kawo mata kaba da zaren launi, tana son ta saƙa wa Nana fayafayen jere tunda zaman banza take.

"Yaya Lawali ya sayi gadon?"

"Yana shiri," na ce.

"Ki ce masa mai madubi take so. Ba za ta faɗa masa ba, kunya gare ta."

Na isar da saƙo. Alhaji ya ce ai komai a hankali ake yi, yanzu yana fama da maganar fito da ita, manya ba a gaggauta su. Da na koma wajensa bayan sati biyu ya ce moto ta lalace. Moton da na gani da asuba tana fita da harawa. Yanzu ma bido biyar take ɗauka, don nonon jar saniya ya shiga ciki. Nana ce ke jiƙa dusa, ita ke tatsa, matar Alhaji, Hajiya Raliya, ta karɓe ƙwaryar a bakin turke. Yarinyar nan da gayan tuwo take kwana alhali saniyar uwarta na tatsuwa.

Na yi wa Hajiya magana. Ta ce, "Haba Iya, gida ɗaya tukunya ɗaya. Kuma ita Tabawa me ya same ta? Tana can ba daka ba surfe ba ɗiban ruwa, gwamnati na ciyar da ita. Wallahi ni ma da za a ba ni hutun nan da na karɓa."

Na ce, "Mota na zuwa ran kasuwa, in kama miki wuri?"

Tun ranar ba ta amsa gaisuwata.

Ruwan farko ya sauka, kowa ya fita shuka. Alhaji ya sa aka shuka gamanar Tabawa, ya bi gari yana faɗa, wai ba zai bar gonar matar ƙanensa ta kwana ba. Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Zuwana na biyu sai da na dube ta sau biyu kafin in gane ta. Wuyanta ya zama kamar na kaza. Kwanon da ya gasa su da bazara yanzu yoyo yake, tabarmarta ba ta bushewa, ta kama tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Na kai mata fura, ta kurɓa sau uku ta miƙa wa Bafillatanar nan. Fayafai biyar ta gama.

Na ce, "Wa ya zo miki daga gida?"

"Suna da aiki, Iya. Damina ce."

"Tabawa, ki bari in nemi wanda zai rubuta mana takarda. Ki faɗi gaskiya."

Ta kama hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. "Kada ki soma. Na ci rabi. In na yi magana yanzu, wahalar da na sha ta tafi a banza, auren ma ya tafi. Ki bar ni in ƙarasa."

Na je wajen liman. Na faɗa masa duk abin da na ji a bayan rumbu. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce lallai abin babu daɗi, amma asirin gida rufe shi ake yi, kuma tunda ita da bakinta ta amsa, wa zai ce ba haka ba? Ya ce in yi ta yi mata addu'a. Tabarmar da muke zaune a kai sabuwa ce, irin wadda Alhaji ya shimfiɗa a masallaci.

A wata na huɗu aka janye dokar. Ba shela, ba amalanke. Wani ne ya ji a rediyo, wai an ga ba ta haifar da komai ba sai ƙarancin nono. Na ɗauka gobe za a buɗe musu ƙofa. Aka ce a'a, wanda aka yanke wa sai ya cika kwanakinsa, sai dai in danginsa sun shigar da takardar neman sassauci. Na ruga wajen Alhaji. Ya ce takardar nan in aka shigar sai an sake tono shari'ar tun daga tushe, kuma tonon ba alheri ba ne ga kowa. Saura wata biyu kawai, ta daure. Washegari ya fita da bidonsa a fili, ko harawar bai sa ba.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da matar Malam Attahir ta zo gidan da wasu mata biyu. Ina jin sallamarsu na san ba ta alheri ba ce, na matso jikin danga. Ba su daɗe ba. Sun ce Malam ya ce a yi haƙuri, an duba an ga abin ba zai yiwu ba, a mayar musu da kayansu. Hajiya Raliya ta shiga ɗakin Tabawa da kanta ta fito da akwatin kayan auren. Ko "me ya faru" ba ta ce ba. Shi Aminu an riga an tura shi Agadas wajen kawunsa, bai yi sallama da kowa ba.

Nana ta durƙusa gaban Alhaji a tsakar gida, tana kuka har muryarta ta dushe.

"Baba, ka je ka faɗa wa Malam. Shi kaɗai, a ɓoye. Ka ce Inna ba ta yi komai ba."

"In ce masa me? Alƙali ya yanke, uwarki ta amsa. Ni na fi alƙali ne? Tashi, Allah zai kawo wani. Aure nufin Allah ne."

Na yafa mayafi na bi matar Malam Attahir har gida. Tare muka yi 'yanmatanci da ita, na san abubuwanta da ko mijinta bai sani ba. Na ce, "Hawa, ki ji tsoron Allah. Kin san bidon nan na wane ne."

Ta ce, "Kowa ya sani, Kaltuma."

"To?"

"To wadda aka ɗaure ita aka ɗaure. Gobe in jikana ya yi faɗa a dandali, ba za a ce masa kakanka mai bido ba. Kakarka 'yar kaso za a ce."

Ranar Juma'a na ga Malam Attahir da Alhaji Lawali sun fito masallaci hannu cikin hannu suna dariya.

Zuwana na ƙarshe, saura kwana ashirin ta fito. Gashinta ya yi fari fat a gaba. Idonta ya raunana saboda saƙa a ɗaki mai duhu, sai da na yi magana ta gane ni. Ta jawo ƙulli daga ƙarƙashin tabarma ta kwance: fayafai goma sha biyu, ja da kore da baƙi, ban taɓa ganin hannu mai kyau irin wannan ba.

"Ki kai mata ta ɓoye, kada Hajiya ta gani ta ce na 'yarta Zuhaira ne. An sa ranar?"

Ni da bakina ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya, ranar nan ya riƙe. Na dubi ƙafafun nan, na ji tarin nan, na ce, "Ana jiran ki fito."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. To ban yi asara ba."

Allah ya yafe mini wannan. Ni ban yafe wa kaina ba.

Ranar fitowarta Alhaji ya yi abin da ya saba, ya yi shi a gaban jama'a. Ya ɗauki shatar mota. Ya yanka rago. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya kira liman da mai gari da duk wani mai gemu, wai walimar barka da arziki. An riga an yi girbi, damman gamanar Tabawa suna cikin rumbunsa, wai ajiya.

Aka sauko da ita ana riƙe da ita. Mata suka yi guɗa. Ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin gado, ta lalubi kusurwar da akwatin yake, hannunta ya taɓa bango. Ta sake lalubawa.

"Nana, ina kayanki?"

Nana ta faɗa jikinta ta fashe da kuka. Ba wanda ya yi bayani, ba a kuma buƙaci a yi ba. Tabawa ta juyo wajen da nake.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Wata biyu."

Ba ta yi kuka ba. Ta ture Nana a hankali ta miƙe, ba mayafi, ba takalmi, ta bi bango har zaure, ta fita tsakiyar maza suna cin nama. Macen da shekara ashirin ba a taɓa jin muryarta a ƙofar gidan nan ba.

"Yaya Lawali."

Maza suka ɗago kai.

"Ka ce kwana biyu. Ka rantse da kabarin Ila. Ka ce in ce bidon nawa ne don a yi auren Nana. Na ce nawa ne. Na yi wata shida. Ina auren?"

Tari ya sarƙe ta, ta dafa bango har ya lafa.

"Jama'a, bidon nasa ne. Ni ƙoƙo ɗaya na ba Iya Kaltuma ta ba ni gero. Kun sani. Malam liman, ka sani. Mai gari, ta ƙofarka yake wucewa kullum. Ku faɗa masa a gabana, sau ɗaya kawai, ku ce kun sani."

Na tsaya a bakin zaure ina duban su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya duƙar da kai cikin kwano. Wani ya shiga sakace. Mai gari ya ga wani abu a tafin hannunsa da bai taɓa gani ba.

Alhaji ya girgiza kai, ya yi fuskar tausayi. Ya ce, "La haula. Kun gani ko? An faɗa mini kaso yakan taɓa kai, ban yarda ba. Hajiya! Ku zo ku shiga da ita, a nemo mata rubutu."

Sai ga bakuna sun buɗe. "Allah sarki." "Allah ya ba ta lafiya." "Ka yi haƙuri, Alhaji, ka yi ƙoƙari." Liman ya ɗaga hannu aka yi mata addu'ar samun sauƙi, aka shafa, aka koma kan rago.

Na ce da ƙarfi, "Lafiyarta ƙalau! Ni na ji da kunnena a bayan rumbu!" Wani ya ce, "Iya Kaltuma kuma an fara," aka yi dariya.

Yau wata biyar ke nan. Tabawa tana ɗakinta, tarin bai sake ta ba. In ta fito rijiya mata sukan matsa mata da sauri, su yi mata magana a hankali kamar yadda ake yi wa mai taɓin hankali, yara kuma sun samo mata suna. Nana ba wanda ya ƙara tsayawa da ita. Na raka su gari wajen masu shari'a, wani ma'aikaci mai kirki ya saurare mu har ƙarshe, ya ce dokar ta mutu, ba a tuhumar kowa da ita yanzu, kuma ita da bakinta ta amsa. Tsohon Buzun nan mai cuku, an ce bai fito da ransa ba. Alhaji kuwa ya ƙara shanu huɗu, kuma da aka kafa ƙungiyar masu nono ta yankinmu shi aka ba shugabanci, wai shi ya san harkar.

Waɗanda suka zauna a ofis suka yanka wa nono kuɗi ba su taɓa tatsar saniya ba, ba su san ƙoƙo ba, wannan jahilcinsu ne, Allah ya isa. Amma su baƙi ne, sun zo sun tafi. Ku fa? Ku da kuka san ta tun tana amarya, kuka sha nonon saniyarta a sunan 'ya'yanku? Ba ku ɗaure ta ba, na yarda. Kun dai ci rago.

Kun ce Tabawa ta taɓu, ni kuma kun ce tsohuwa ce mai surutu. To surutun ya hau takarda, da sunan kowa, kuma takarda ba a yi mata rubutu ta sha ta yi shiru. Wanda ya ga na yi masa ƙarya ya san ƙofata, ita ce mai dangar kara kusa da ta Alhaji. Ya zo da rana, ya zo da shaidunsa, ya tsaya a gaban Tabawa ya maimaita.